Ɓeraye Huɗu Masu Lalle

Aikina na farko, wanda kuma ya zama na ƙarshe a hannun wani, kiwon ɓera ne. Ku yi dariya, dangina ma sun yi ta yi. Gidanmu a unguwar Pumpumre gidan 'yan kasuwa ne, kakanmu da atamfa ya shigo Garwa daga Najeriya, kowa a gidan ya san awon yadi tun kafin ya iya karatu. Ni kaɗai ce na fita zakka. Na gama lise, wato sakandare, na samu aiki a wani ƙaramin labo, ɗakin bincike, a bakin gari, inda ake ajiye fararen ɓeraye don ɗalibai da masu gwajin magani. Aka ba ni ɗaki guda, keji jere a kan katako, da tsintsiya da bokiti. Na yi shekaru a wannan ɗaki, kuma wallahi ban taɓa jin kunyarsa ba.

Wata safiya ina duba wata uwa da ta haihu kwana goma da suka wuce, sai na ga abin da ya tsayar da ni. Ɗan ɓera kowane iri tsirara ake haihuwarsa, ja-ja kamar ɗanyen nama, amma kafin kwana goma gashi ya rufe shi. Waɗannan duk sun yi fari tas, ban da guda biyu. Su biyun nan fatarsu a waje take, ta yi tamoji-tamoji, gashin bakinsu kuma a murɗe. Na ɗauka ciwo ne. Na ware su da uwarsu, ina jiran su mutu, suka ƙi. Suka girma, suka fi kowa ci, jikinsu da ɗumi kamar ƙwan da aka tsamo daga ruwan zafi. Mace ɗaya, namiji ɗaya. Na sa musu suna 'yan tsirara.

Babu wanda ya koya mini yadda abin yake. Da idona na gano, haihuwa bayan haihuwa. Rashin gashin nan hali ne da ke ɓuya a jini. Sai ɗa ya samo shi daga uwa, ya kuma samo daga uba, sannan ya fito tsirara. In daga gefe ɗaya ya samo, zai yi gashi kamar kowa, amma yana ɗauke da abin a ciki, zai kuma miƙa wa nasa 'ya'yan. Mun san irin wannan a gidajenmu, jika ya ɗebo hancin kakan da ubansa bai ɗebo ba.

Abu na biyu da na gano shi ne wanda ya sa ni kuka. Na haɗa macen nan tsirara da ɗan uwanta, ta ɗauki ciki, ta haihu lafiya, 'ya'ya takwas, dukansu masu murɗaɗɗen gashin baki. Na yi murna har na sayi ƙosai na raba. Kwana uku ba a cika ba suka mutu kaf. Nono ne babu. Ɗan ɓera in ya sha, ana ganin farin nono ta cikin fatar cikinsa, waɗannan cikinsu wayam. Na sake gwadawa da wasu matan daga baya, haka dai. Mace tsirara tana haihuwa, amma irin nawa ba sa iya shayarwa, in ma an samu wadda ta yi ƙoƙari, ɗaya ko biyu za ta raya da ƙyar.

Sai na sauya hanya. Uba tsirara, uwa mai gashi wadda ubanta tsirara ne. Irin wannan uwa nono har ya yi yawa, kuma kusan rabin 'ya'yanta tsirara suke fitowa, sauran rabin masu gashi ne masu ɗauke da halin. Daga cikinsu nake zaɓar iyaye mata na gaba. Matsalar ita ce farar ɓera duk ɗaya ce a ido, ba ka gane mai ɗauke da wadda ba ta ɗauke. Tawadar da labo ke saya tana gogewa cikin mako guda. Sai na kwaɓo lalle daga gida, na riƙa ɗiga wa kowace uwa a gadon baya. Lalle yana kama farin gashi ya yi ja, ya daɗe, in ya dusashe in sabunta. Duk wanda ya shigo ɗakina zai ga ɓeraye da jan tabo kamar masu shirin biki.

Ashe abin yana da amfani. Masu gwajin maganin fata da na gyambo sun gaji da aske ɓera kafin su shafa magani, ga ɓeran da Allah ya aske musu. Ɗalibai suka fara zuwa daga Ngawundare, har daga Yawunde. Ina shimfiɗa wa 'yan tsirara audugar da wani direba ke kawo mini daga Kayele, saboda garin katako yana yankar musu fata, yana shiga ido. Direktan labo yana shigowa da baƙi, ya nuna, ya ce, "Madam ce ke kula da su." Iyakar yabon ke nan, kuma a lokacin ya ishe ni.

Sai ɗan gwaggona ya dawo daga karatu.

Taubashina ne, ni 'yar namiji, shi ɗan mace. Na girme shi nesa ba kusa ba, na goya shi, na wanke masa kashi. Tsakaninmu wasa ne tun yana ƙarami, yana kirana uwar ɓeraye, ina kiransa bawan gidanmu, kowa ya yi dariya. Ya dawo da babbar takarda a kan kiwon dabbobi, kuma ni ce, ni da bakina, na je ofishin direkta na ce ina da ƙane da ke neman aiki. Aka ɗauke shi. Wata shida ba a yi ba aka ɗora shi a kaina. A gida Adda yake ce mini, wato yaya, a labo kuwa Madam, ni kuma dole in ce masa Shef, wato shugaba.

Wannan duk ban damu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar da aka tara ma'aikata aka karanta rapor, wato rahoton, da ya rubuta a kan 'yan tsirara. An buga, an aika Yawunde. Ina zaune a bencin baya ina jin ana cewa shi ya lura da halin, shi ya ware irin, shi ya tsare shi. Sunansa a sama, na direkta a ƙasa. Na jira in ji nawa ko a wajen godiya, har aka tafa aka tashi. Na tare shi a baranda.

"Shef, ina sunana?"

Ya yi murmushi. "Haba Adda, rapor na masu bincike ne. Ke ai sharar keji kike yi. Ko so kike a rubuta uwar ɓeraye?"

Mutane uku na tsaye a wurin, suka kwashe da dariya. Da na kai ƙara gida, Gwaggo ta ce, "Ke ma dai, taubashinki ne fa, wasa yake miki." Haka al'adarmu take, taubashi ya zage ka, in ka yi fushi kai ne mara haƙuri. Ya ɗauki aikin shekaruna ya sa a aljihu, ya rufe da wasa. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Bayan mako biyu ya shigo ɗakina da takarda da biro. Ya ce ya yi lissafi. Tsirara da tsirara suna haifar tsirara zalla, don me za a riƙa ciyar da masu gashi ana samun rabi? Ɓarnar abinci ce. Daga yau ɗakin na 'yan tsirara ne kaɗai. Ya ɗaga wata uwa ta wutsiya, ya dubi tabonta, ya yatsine fuska.

"Wannan kuma mene ne? Lalle? Nan labo ne, Madam, ba ɗakin amarya ba. A fitar da su duka."

Lissafinsa daidai ne, ban ce ba daidai ba ne. Littafi ya gaya masa maganar jini, bai gaya masa maganar nono ba. Kalma uku ce a bakina, ba sa shayarwa. Na ji su a kan harshena, na danne. Na ce, "To, Shef. A rubuta mini a takarda, ka sa hannu." Ya rubuta, ya sa hannu, har da hatimi. Na ce ya zan yi da su? Ya ce in yi yadda na ga dama. Ranar kuma ya mayar da ni wajen wanke kwalabe, ya ba wata abokiyar aikina ɗakin, wata Kirista 'yar kan dutse, mace mai kirki da muke zuwa kasuwa tare.

Masu gashin aka kwashe su a kwali aka kai wa wani mai kiwon macizai. Kafin motar ta zo na zaɓi huɗu, mata masu lalle, 'yan wata biyar, mafi kyawun iyaye da nake da su. Na sa su a kwandon cefane na rufe da mayafi, na hau mashin na kai su gida. Na ajiye su a tsohon sito bayan madafa. Yayana ya ce gidan 'yan atamfa ake kawo wa ɓera, wannan wace irin masifa ce? Na ce in guda ta taɓa yadinsa in biya, ya tafi yana ƙunƙuni.

Ɗakin wanke kwalabe bango ɗaya ne da ɗakin ɓeraye. Mako uku bayan an haɗa tsirara da tsirara, haihuwa ta fara. Ina jin tsiwirwirin jarirai ta bango, siriri, ba ya tsayawa. Ɗan da ya ƙoshi shiru yake yi. Rana ta farko da ƙarfi, ta biyu ya ragu, ta uku tsit. Sai abokiyar aikina ta fito da faranti an rufe da takarda. Haka keji bayan keji. Ba zan ɓoye ba, abin yana taɓa ni, domin jikokin 'yan tsirarana ne, ni na san iyayensu tun suna ja-ja. Amma duk sanda na ga Shef ya wuce da sauri, gumi ya jiƙa masa riga, yana buga waya yana ɗaga murya da Faransanci, sai wani sanyi ya sauka a zuciyata. Na ji daɗi. Allah ya gani, na ji daɗi.

Abokiyar aikina ta same ni a bakin famfo. "'Yar uwa, ke kin san abin da ke kashe su. Don Allah ki faɗa."

"Ni mai shara ce, ina na san bincike? Ki tambayi mai rapor."

"Yaran nan ba su yi miki komai ba."

Na ci gaba da goge kwalba. Da Shef ya tako ƙafa biyar ɗin nan ya tambaye ni, da na faɗa, haka nake gaya wa kaina. Bai tako ba. Ya sauya abinci, ya ƙara bitamin, ya sa aka wanke ɗaki da magani. Sai a haihuwa ta uku ya lura da cikin jariran, ya gane nono ne. A lokacin kuma babu uwa mai gashi ko ɗaya a labo, da hannunsa ya sa hatimi a kan korarsu.

Ya aika Yawunde aka kawo masa fararen ɓeraye a mota. Da ni ce, sai sun yi wata guda a wani ɗaki daban kafin su shaƙi iska ɗaya da nawa. Shi gaggawa yake, ga ɗalibai na jira, ga direkta na tambaya, ya zuba su ɗaki ɗaya ran da suka iso. Suka zo da mura. Mai gashi yakan yi atishawa ya warke, ɗan tsirara kuwa ba shi da wannan ƙarfin. Cikin wata ɗaya ɗakin ya kwanta. Ciwon ya yi tsanani har baƙin ma rabi suka mutu, sauran aka fitar da su. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage na dukan irin da na gina namiji ne guda ɗaya, wanda ya riga ya fara tsufa.

Lissafin yanzu kowa ya iya shi. In aka haɗa tsohon nan da baƙuwar mace, 'ya'yan duk masu gashi za su fito, sai an jira sun girma an sake haɗawa, ga ciwo bai gama barin ɗakin ba, kuma babu tabbacin tsohon zai kai. Da matana huɗu kuwa, mako uku kacal, 'yan tsirara sun dawo. Abokiyar aikina ce ta gaya masa suna nan a gidanmu. Ban yi fushi da ita ba, ai so nake ya sani.

Bai zo ba. Gwaggo ya turo.

Ta zo da la'asar da goro a ƙullin mayafi, ta zauna a tabarmar tsakar gida, muka gaisa da Fillanci muka koma Hausa. Ta ce, "'Yata, ƙanenki yana cikin wani hali. An ce aikinsa na rawa. Ki ba shi dabbobin nan, ki rufa mana asiri."

Na ce, "Gwaggo, ɓera ne fa. Abin da kuka yi shekaru kuna toshe hanci in na wuce."

"Ki bar tone-tone. Jininki ne."

"Jinina ne ran da ya ce ni mai shara ce? Ki gaya masa sharaɗina ɗaya. Ya tsaya a ɗakin da aka karanta rapor, a gaban mutanen da suka tafa, ya faɗi wanda ya yi aikin. A gyara takarda a sake aikawa. Ran da ya yi haka, da kaina zan kai su."

Ta ce na cika taurin kai kamar ubana. Ta tashi ta bar goron, na aika mata da abinta.

A lokacin matana sun shekara da wata ɗaya. Macen ɓera ba ta daɗe tana haihuwa, in ta wuce shekara abin yana ja baya, in ta kai shekara da rabi sai dai a yi addu'a. Na san wannan fiye da kowa a Garwa. Kowace safiya in na buɗe sito na ga sun ƙara nauyi, sun rage tsalle, sai in ƙirga watanni a yatsa. In ce yau zai zo. In na je labo mu haɗu a baranda, ya kau da kai, in kau da kai. Shi yana jiran in ji tausayin irin in sakko, don ya san yadda nake son su. Ni ina jiran ya ji tsoron kora ya durƙusa. Abokiyar aikina tana ɗumama tsohon namijin da kwalbar ruwan zafi a cikin tsumma, tana zaginmu mu biyu da yarensu.

Wata huɗu muka yi a haka. Sai da wasiƙa ta zo daga Yawunde ana neman a aiko da 'yan tsirara ashirin kamar yadda rapor ya yi alkawari, direkta ya kira shi ya rufe ƙofa, sannan ya karaya.

Aka tara ma'aikata. Wannan karon a bencin gaba na zauna, na sa atamfar da ta fi kowace tsada a shagon yayana. Shef ya tashi da takarda a hannunsa. Ya ce ba shi ya gano irin ba, ni ce. Ya ce ni na raya shi shekara da shekaru, shi ya zo ya rushe cikin wata takwas. Ya ce ya cire sunana da gangan. Ya dube ni ya ce, "Adda, ki yafe mini," a gaban kowa, ba Madam ba. Mutanen nan uku da suka yi dariya a baranda suna nan, kansu a ƙasa. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan zaƙi ba, kuma ban ce na yafe ba. Na ce, "Na ji."

Washegari na kawo matan huɗu a kwandon cefane. Na wanke keji da hannuna, na shimfiɗa auduga, na sa tsohon a tsakiyarsu. Ya rame, fatarsa ta yi yawa a jikinsa, ido ɗaya ya rufe. Ya shinshina su, su ma suka shinshina shi. Sai suka kewaye shi suka kwanta a kansa, suna ɗumama shi. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Na ba su ƙwai dafaffe, na ba su kifi busasshe. Kowane kwana uku ina ɗaga su ina taɓa ciki. Ɗaya ta yi kamar ta kumbura, zuciyata ta buga, ashe ƙari ne irin na tsufa. Mako uku suka wuce, aka ƙara uku. Ran wata Talata da safe na buɗe ɗaki na ga matan sun koma kusurwa guda, shi yana ɗaya kusurwar, ya yi sanyi.

Ina tsaye da shi a tafin hannuna ɗan gwaggona ya shigo. An riga an ba shi takardar sauyin wurin aiki, sati mai zuwa zai tafi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga abin da ke hannuna, ya jingina da bango.

Sai ya ce, "Adda, in tambaye ki. Ran da na turo Inna, da ni na zo da kaina, mu biyu, na roƙe ki a tsakar gida, da kin ba ni?"

A lokacin da ya turo ta matan suna iya haihuwa, mu duka mun sani. Na dubi fuskarsa, na ga abin da yake so. So yake in ce a'a, don mu raba kayan nan biyu, ya ɗauki rabi in ɗauki rabi.

Na ce, "Da na ba ka."

Ya rufe ido, ya gyaɗa kai, ya fita.

Ƙarya na yi masa. Ko da ya kwanta a ƙasa ranar ba zan ba shi ba, taron nake so, da bencin gaba. Wata huɗun da suka kashe irin nan, nawa ne kamar yadda suke nasa. Yanzu shekaru sun wuce, muna haɗuwa a suna da jana'iza, ya gaishe ni da ladabi, ba ya ƙara yi mini wasa. Har yau yana ganin shi kaɗai ya kashe su, ni kuma ban gaya masa gaskiya ba.